Yadda ake gano abin da ke kawo funfuna a ƙarƙashin bakin rufi kafin a sayi gida a Legas

Idan dillali ya kai ka ganin gida, falo zai fara nuna maka, sai tayil, sai kicin, sai girman ƙofar da mota za ta shiga. Duk abin da yake so ka gani yana daidai ido ko ƙasa da shi. Ni kuwa da na ci shekaru ina aikin rufi daga Agege zuwa Ikorodu, in aka gayyace ni rakiyar ganin gida ba na fara shiga ciki. Nakan tsaya jikin bango ta waje in ɗaga kai, in dubi wannan shimfiɗar da ta rufe ƙasan rufin da ya zarce bango, wadda mu kafintoci muke kira silin waje. Nan ne gida yake tona asirin kansa.

Abin da za ka gani galibi ɗige-ɗige ne baƙaƙe ko ruwan toka, wani lokaci kore-kore, wani lokaci tabo mai faɗi kamar an zubar da shayi ya bushe. Dillali zai ce maka, "Alhaji, datti ne kawai, gwangwanin fenti ɗaya ya gama da shi." Yana iya zama gaskiya. Amma funfuna ba ta fitowa sai da danshi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Wanke baƙin aikin yini guda ne. Ruwan da ya haife shi kuwa yana iya zama ganye ne ya toshe magudanar rufi, yana iya zama kuma katakon rufin gaba ɗaya ya ruɓe. Aikinka kafin ka biya shi ne ka san wanne daga ciki kake saya.

Wanda ya taso a Kano ko Katsina sai ya sauya tunani tukuna. Can iskar hunturu da zafin bazara suna busar da komai, kuskuren kafinta yakan ɓoye shekara da shekaru. Legas kuwa ruwan da take samu a shekara yakan wuce milimita 1,500, kusan ninki biyu na Kano, kuma iskarta a jiƙe take kusan kullum, danshinta yakan haura kashi 80 cikin 100 a damina. Funfuna abu uku take nema: laima, ɗumi, da abin ci, wato katako, kwali, ƙura ko fenti. Biyu daga ciki Legas ta ba ta kyauta. Katako ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, ta fara kama shi.

Mataki na farko: zaɓi ranar zuwa

Kada ka yarda a zaɓa maka rana. Damina a nan tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi tsanani a Yuni, ta ɗan sassauta a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Mafi kyawun lokacin ganin gida shi ne ana tsakiyar ruwa, ko da safe bayan an kwana ana yi. In ana ruwa ka riƙe lema ka zagaya gidan, za ka ga da idonka inda ruwa ke ambaliya daga magudana, da inda yake lanƙwasowa ya bi ƙasan silin maimakon ya faɗi ƙasa.

Na koyi wannan da tsada. Farkon zuwana Legas na raka wani ɗan garinmu ganin gida a watan Janairu, an yi masa sabon fenti fari tas, har ƙamshi yake yi. Muka yaba, ya biya. Yuni bai ƙare ba baƙi ya ɓullo ta ƙarƙashin fentin a gefe guda, da muka hau sai muka tarar magudanar kankare ta tsage tun da daɗewa. Tun daga ranar, sabon fenti a silin waje ba ya burge ni, tambaya yake sa ni yi. In dole sai da rani za ka saya, to matakan da ke tafe ka ninka kulawa a kansu.

Mataki na biyu: abin da za ka riƙa

Tocila mai haske sosai, sukundireba, farin ƙyalle, ƙaramar kwalba ta bilic, Hypo ko Jik, da ka sirka da ruwa, takunkumi, da wayarka don ɗaukar hoto. Sai tsani, da kafinta naka na kanka, ba wanda mai gida ko dillali ya kawo ba. In za ka iya aron na'urar auna danshin katako, mai ƙusoshi biyu da ake cakawa, ka aro.

Mataki na uku: zagaya gidan, ka karanta siffar tabon

Nan ne ilimin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Ka zagaya gidan duka, har lungun baya inda ake ajiye janareta da shara, ka ɗauki hoton kowane gefe. Ba yawan baƙin za ka duba ba, inda ya zauna da yadda ya zauna za ka duba.

In ɗige-ɗigen sun bazu daidai wa daida a gefe guda, sirara, babu tabon ruwa, fenti bai kumbura ba, to galibi rashin rana da iska ne. Dubi abin da ke gefen: bishiyar mangwaro ko ta furut da ta yi rumfa a kan rufi, ko benen maƙwabci da ya matso. Ƙa'idar gini a Legas ta nemi a bar mita 3 tsakanin gini da iyakar fili ta gefe, amma duk wanda ya san Mushin ko Idi-Araba ya san gidajen da za ka miƙa hannu ta taga ka taɓa bangon maƙwabci. Irin wannan lungu ba ya bushewa. Ka lura kuma da kudu. Ruwan Legas daga kudu maso yamma iska ke koro shi, daga teku, kuma daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana. Ke nan a tsakiyar damina gefen kudu shi ke shan duka, shi ne kuma ba ya samun rana sosai. Funfuna marar nauyi a wannan gefen ba abin tayar da hankali ba ce.

In baƙin ya yi layi a bakin waje, yana bin allon goshin rufi, wanda ake kira fashiya, to ruwan daga magudana yake, ko daga bakin kwano. Ko dai magudanar ta toshe tana ambaliya ta baya, ko ba a ba ta gangara ba ruwa yana kwanciya, ko kuma kwanon bai zarce allon sosai ba, sai ruwa ya lanƙwaso ya bi katako. Kafinta mai son rage kwano yakan yi wannan ƙeta, ya yanke shi cif da bakin allo. Mutane suna raina yawan ruwan da rufi ke tarawa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200, a yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Yuni, ya tara lita 10,000, wato tanki goma na lita dubu. Duk wannan ta indararo biyu ko uku ake so ya sauka. Ɗaya ya toshe da leda, sauran ka san inda zai bi.

In tabon ya taru wuri ɗaya, da'ira ko zobe-zobe mai ruwan ƙasa a baki, baƙi a tsakiya, wannan yoyo ne, kuma yana saman wurin ko can gaba da shi. Zoben nan shaida ce cewa wurin ya jiƙe ya bushe sau da yawa. Ka fi tsananta ido a kusurwar ciki, inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, don ruwan ɓangare biyu ke taruwa a nan. Gidajen yayi masu rufi mai tsayi da lanƙwasa bakwai suna da kyau a hoto, amma kowace lanƙwasa ƙofa ce ga ruwa.

In baƙin ya kewaye ramukan shan iska, ko yana fitowa daga tsakanin sassan silin roba kamar hayaƙi ya hura, to daga ciki yake zuwa. Iska mai laima ce ke fita daga cikin rufi. Wannan shi na fi tsoro, domin abin da ka gani a waje ɗan tsakure ne.

In kuma baƙin yana jikin bango ne, inda silin ya haɗu da filasta, har ya gangaro, duba ko akwai banɗaki, kicin ko bututu a bayan wurin.

Akwai gidajen da ba su da silin waje na katako sam, sai farafet na kankare da aka ɓoye rufin a bayansa. Sun cika Lekki da Ajah da sababbin unguwanni. Kada ka ce ka tsira. A irin waɗannan, ruwan rufi duka yana zuba ne a magudanar kankare da ke bayan farafet, kuma kankare yana shan ruwa in ba a shimfiɗa masa abin hana ruwa ba, ko wanda aka shimfiɗa ya tsufa ya tsage. Alamar ita ce baƙi ko gansakuka a ƙasan farafet, fenti yana ɓarewa, da farin gari kamar kanwa. In ka ga jan layin tsatsa, ruwa ya kai ga rodi. In har kankaren ya fara ɓantarewa rodi ya bayyana, wannan ya wuce aikin kafinta, injiniya za ka kira.

Mataki na huɗu: tabbatar funfuna ce

Ba kowane baƙi ne funfuna ba, musamman a garin da kowane gida yake da janareta. Goga farin ƙyalle. In ya fito da baƙi mai maiƙo kamar na gindin tukunya, hayaƙi ne, duba ƙasa za ka ga inda janareta ke zama ko inda ake girki da gawayi. Sannan ɗiga ruwan Hypo ɗin nan a wani ɗan wuri ka jira minti biyu. Funfuna takan dushe ta yi fari, datti da hayaƙi ba sa motsi. Kore mai santsi gansakuka ce, ba ta cin katako kamar ruɓa, amma tana gaya maka wurin ba ya bushewa. In baƙin yana ƙarƙashin sabon fenti yana leƙowa, an yi fenti a kan funfuna ba a kashe ta ba, kuma wani ya san da ita.

Mataki na biyar: hau tsani

Dillali ba ya son wannan matakin, zai ce lokaci yana tafiya, akwai wani mai saye da ke jira. Ka ce masa ba a cinikin biri a sama. Wani ya riƙe maka tsani, ka kula da wayar wuta da ke shiga gidan, yawanci ta nan gefen rufi take bi.

Danna silin da yatsa. Falawud ko kwali da ya sha ruwa yakan yi laushi, ya kumbura, ko ya saki daga ƙusa. Sannan caka sukundireba a allon goshi, musamman ƙarshensa da inda biyu suka haɗu. Katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe zai karɓa kamar biredi. In kana da na'urar aunawa, danshin da ya gaza kashi 15 cikin 100 lafiya lau ne, abin da ya haura kashi 20 kuwa ya shiga inda ruɓa ke kama katako.

Silin roba yana yaudara. Shi ba ya ruɓewa, funfunar da ke kansa ƙura take ci, ƙyalle ɗaya ya share ta. Amma katakon da aka kafa shi a kai yana iya zama gari. In ka ga ya yi ciki ya sauko, ko ka tura ka ji ruwa yana motsi a ciki, a zare ɗaya a leƙa. Tsofaffin gidaje irin na Surulere, Yaba da Ebute Metta kuma da yawa silin asbesto ne a jikinsu. Wannan kada ka kankare shi, kada ka goga masa samfefa, kada ka fasa. Ƙurarsa tana illata huhu, kuma ciwon sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. A zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma in sauya shi za a yi, ka sa kuɗin cire shi a tsanake cikin lissafi.

Tunda kana sama, leƙa magudanar. Ganye, yashi, leda, sheƙar tsuntsu, wani lokaci har ciyawa ta tsiro. Zuba bokiti ɗaya na ruwa a ƙarshe mafi nisa daga indararo, ka ga ko zai tafi ko zai kwanta, wani kuma ya tsaya a ƙasa ya ga ko ya fito. Dubi kan ƙusoshin kwano: robar da ke ƙarƙashinsu rana tana cinye ta, kowace ƙusa ta zama ƙaramar rijiya. Gidan da ke kusa da teku ko lagun, irin na Badagry, Lekki ko Victoria Island, iskar gishiri tana cin ƙusa da kwanon ƙarfe da wuri. Ka tambayi kaurin kwanon alminiyon ma; mai milimita 0.55 ya fi mai 0.45 jure iska, kuma akwai wanda bai kai ko 0.45 ɗin ba, iska tana kaɗa shi har ramin ƙusa ya buɗe.

Mataki na shida: shiga cikin silin

In za ka bar kowane mataki, kada ka bar wannan. Yawancin gidaje suna da ƙaramar ƙofa a silin, a baranda ko hanyar banɗaki. In babu, ko an shafe ta da farar filastar ado ta POP, wannan kansa labari ne: shekaru ke nan ba wanda ya leƙa. Ka nemi izinin a buɗe, ka ɗauki nauyin mayarwa. Mai gidan da ya ƙi, ya ba ka amsa.

Je da safe kafin kwano ya ɗauki zafi, sa takunkumi, kuma kada ka taka silin, katako kawai ake takawa. In ba ka saba ba, tsaya a kan tsani ka sa kai, kafinta ya shiga da wayarka.

Hanci ne zai fara yi maka aiki. Warin rumbun da ya sha ruwa, ko na tabarmar da aka naɗe a jiƙe, shi ne warin funfuna. Wari mai hawa kai kuma na kashin jemage ne ko tattabaru, su ma suna shigowa ne ta inda silin waje ya ɓalle. Daga nan kashe tocila ka tsaya cikin duhu. Duk inda ka ga haske kamar tauraro a jikin kwano, ruwa yana bi ta nan. Amma ta gefen bakin rufi kana son ganin haske, domin shi ne ramukan shan iska. In gefen ya yi duhu ɗif ko'ina, rufin ba ya numfashi.

Ga yadda abin yake. Da rana cikin rufi yana ɗaukar zafi, iskar ciki ta kwashi laima daga waje da daga ɗakunan ƙasa. Dare ya yi, kwano ya huce da sauri, sai laimar ta kwanta a cikinsa kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Gumin ya bi gangaren kwano ya sauka a ƙarshe, wato a kan silin waje. Sai ka ga funfuna ko'ina, a nemi yoyo a rasa. A da ana barin ramuka masu raga a silin waje don iska ta shiga ta nan ta fita ta sama. Yanzu masu son ado suna shafe komai da POP ko roba, ba ko huda ɗaya. Ƙa'idar gini ta Amurka ta ce kowane murabba'in mita 150 na silin yana son murabba'in mita ɗaya na mashigar iska. Ko ba ka auna ba, ka ƙirga ramukan da ke akwai, ka ga ko fenti da yanar gizo-gizo ba su toshe su ba. Alamar gumi a ciki ita ce tsatsa a tsinin kowace ƙusa, da baƙi da ya bazu a kan katakai duka, ba wuri ɗaya ba.

Kunna tocila ka bi katakan ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙarshensu da ya hau bango ya fita waje. Yoyo yana barin layi, ka bi layin zuwa sama, domin inda ruwa ya shiga da inda ya ɗiga sukan yi nisan mita biyu ko uku. Ka san kuma cewa katakon da aka shafa wa maganin katako na Solignum ko baƙin mai dama baƙi ne, wannan alheri ne, ba funfuna ba. Funfuna tana da gashi-gashi ko gari-gari, baƙi, fari, kore ko toka. Nemi hanyar ƙasa a jikin katako da bango, irin wadda gara ke ginawa. Gara da laima abokan tafiya ne. In ka same su tare, ƙwanƙwasa katakon, wanda aka cinye cikinsa yana ƙara kamar ganga.

Mataki na bakwai: ruwan da ba na sama ba

Wani lokaci rufin ba shi da laifi. Tankin da aka ɗora a kan dekin ko kusa da rufi, in ba shi da abin tsayar da ruwa, duk ranar da aka kunna famfon burtsatse aka manta, sai ya yi ambaliya a wuri ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki a bene tana ɗigar da ruwa dare da rana, in bututunta ya ƙare a kan ƙaramin rufin ƙasa, za ka ga kore a daidai wurin. Fankar da ke fitar da tururin banɗaki ko kicin, masu aiki da yawa suna barin bakinta cikin silin, ko ta fito daf da ƙasan bakin rufi, tururin ya tashi ya koma ciki. Alamar wannan rukunin ita ce wurin yana jiƙe ko da rani. Labari ne mai daɗi ga mai saye, don gyaransa na mai famfo ne da ɗan bututu.

Mataki na takwas: tambayi waɗanda ba su da riba a cinikin

Mai gadi, mai shayin bakin layi, mai ruwa da ke shiga gidan da kura, da ɗan hayan da ke shirin tashi. Abin da ya sauƙaƙa mana, yawancinsu namu ne. Yi sallama, ku gaisa sosai, ka tambayi garinsu, sannan ka ce, "Malam, don Allah in ana ruwa yaya gidan nan yake?" Wani dattijo mai gadi ya taɓa ce mini, "Ɗana, ni dai na san bokiti huɗu ake jerawa a ɗakin sama." Wannan magana ta fi duk abin da na gano da tocila ranar. Tambayi yaushe aka yi fenti na ƙarshe, yaushe aka taɓa hawa rufin, kuma ko ruwa yana kwanciya a harabar. Gidan da ƙasarsa ke riƙe ruwa kwana da kwanaki, tururin yana tashi ya zauna a ƙarƙashin bakin rufi. Ɗan haya kuma ka tambaye shi ko kaya suna funfuna a cikin kwaba. Wadda ke waje ba ta cika damun lafiya ba, amma in ta shiga ɗakuna, mai asma da ƙananan yara su za su fara ji a ƙirjinsu.

Mataki na tara: mayar da abin da ka gani kuɗi

Yanzu kana da hotuna da dalili. In funfunar ta sama-sama ce, ta inuwa ko hayaƙi ko bututun da ya kauce, katako yana da ƙarfi, cikin silin a bushe, kada ka ɓata ciniki a kanta. Na ga mutum ya bar gida mai kyau a Ogba saboda baƙin da sabulu zai cire, wannan ma asara ce.

In magudana ce, ko ƙusoshi, ko allon goshi ya ruɓe a wasu wurare, ko rufi ba ya shan iska, sa kafintanka ya rubuta maka kuɗin gyara dalla-dalla, kaya daban, aiki daban, ka samu na mutum biyu in da hali. Da wannan takarda za ka zauna da mai gida. Shawarata, a rage maka kuɗi ka yi gyaran da kanka. In ka bar wa mai sayarwa, gyaran da zai kai shi ranar biya kawai zai yi. In kuma aka dage shi zai gyara, lauyanka ya rubuta a yarjejeniya abin da za a gyara, a riƙe wani kaso na kuɗin sai ka duba. Alkawarin baki ba ya aiki a nan. Doka ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa a kan aibin da ake iya gani, bayan ka sa hannu ba ka da bakin cewa ba a gaya maka ba. Mutanenmu sun iya bin takardu, a je ofishin filaye na jihar a Alausa a binciki satifiket ɗin mallaka da amincewar gwamna, wannan daidai ne, amma ba wanda zai binciki rufi a Alausa.

In kuwa katakan da ke ɗauke da rufin sun ruɓe ko gara ta cinye, ko tsakiyar rufin ya lotsa in ka hango shi daga nesa, ko farafet ya tsage rodi ya fito, to sabon rufi kake magana. Kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ko ƙwararren magini mai rajista, ya duba ya rubuta. Daga nan ko farashi ya sauko daidai da haka, ko ka ɗauki hularka.

Bayan gida ya zama naka

Tsarin aikin shi ne a tsayar da ruwa tukuna, a bar wuri ya bushe, sannan a wanke, fenti ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti zai sake saye kafin Oktoba. A share magudana, a gyara gangarenta, a sauya ƙusoshin da robarsu ta mutu, a sassabe rassan da suka hau rufi, a huda ramukan iska a sa musu raga mai ƙananan ido saboda jemage da ɓera. Katakon da ya ruɓe a yanke shi har inda mai lafiya ya fara, sabon a shafa masa magani ta kowane gefe kafin a kafa, har da bakin da aka yanka. Kwali ko falawud da ya sha ruwa ba a wanke shi, cire shi ake yi.

Wajen wanki, kofi ɗaya na Hypo a ruwa lita huɗu ya isa, a shafa, a bar shi minti goma, a goge da buroshi, a ɗauraye. Sa safar hannu da tabarau, don aikin sama ne, abin yana ɗigowa a ido. Kada ka haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba. A jira ranaku biyu ko uku na rana kafin fenti, a sayi na waje mai maganin funfuna, shi ya sa aikin ya fi kyau tsakanin Disamba da Fabrairu. Magudana kuma a riƙa hawa ana share ta sau biyu a shekara, a Maris kafin ruwa ya sauka, da kuma Agusta in ya ɗan ɗaga ƙafa.